Ba Aya, Ba Kunu

Kaka ta mutu ran Talata da hantsi, kuma in gaya muku gaskiya, ba wanda ya yi kuka. Ba wai fari ne ya shanye mana hawaye ba, ko da yake bana a Damagaram ko yawu mutum zai tofar sai ya yi shawara da iyalinsa. Mutane sun zo, sun cika tsakar gida, sun zazzauna a tabarmi, kowa na leƙen fuskar ɗan'uwansa ya ga wa zai fara. Ba wanda ya fara.

Matar fasto ta gwada. Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta yi wani gurnani kamar tsohon kamyo mai ɗaukar kaya a hawan tudu, sai injin ya mutu. Ta buɗe fuska ta ce, "Kai, baiwar Allah ta huta." Wata tsohuwa daga bayanta ta ce, "Mu ma." An yi kamar ba a ji ba, amma na ga kafaɗu suna rawa.

Maƙwabcinmu mai gyaran keke, Musulmi ne, katanga ɗaya ta raba mu tun ina rarrafe, ya riƙe hannuna ya ce, "Sannu da haƙuri. To yanzu muryar wa za ta riƙa tashina da asuba?"

Na ce, "Ladan fa, Baba?"

Ya ce, "Ladan yakan makara. Ita ba ta taɓa ba."

Wani dattijon majami'a, gemu fari fat, ya shiga ɗakin da aka shimfiɗe ta, ya fito yana shafa ƙeya. Na ce lafiya? Ya ce, "Ɗana, ina tsayawa a kanta sai na ji bakina ya kama karanto aya shi kaɗai. Tsoro nake kar ta tashi ta ce na tsallake kalma."

Inna kuwa, uwata, wadda ta yi zaman suruka da ita tun tana amarya, tana zaune bakin madafa, ba ta amsa gaisuwar kowa da fiye da ɗaga kai. Idonta na kan zaure. Duk wanda ya san gidanmu ya san wa take jira: ƙanwata, wadda rabonta da taka gidan nan tun fari na farko, alhali tana nan unguwar Zango, tafiyar da ko jaki mai ɗingishi zai yi ya dawo kafin tuwo ya huce.

Ni ɗan kamasho ne a tashar mota, aikina ihu da ƙarya, ba rubutu ba. Amma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Na sha kunun Kaka, to ga aska na ɗauko. Wanda ya ji zafi ya yi haƙuri, ita ma ba da ruwa take aske mu ba.

Ba habaici na yi da maganar kuturu ba. Kakata, uwar ubana, kuturwa ce. 'Yar wani ƙauye ce wajen Hamdara. Cutar ta kama ta tana da goyon ubana, dangin miji suka yi mata bukka a bayan gari, ana tura mata abinci da sanda. Daga nan aka kai ta gidan likita na kutare, na 'yan mishan, can yamma. Ta dawo cutar ta mutu, amma ta tafi da yatsunta duka, ta bar mata dungu biyu. Ta kuma dawo da Almasihu, abin da danginta suka ce ya fi kuturtar muni.

Ba ta iya karatu ba, kuma ko ta iya, da me za ta buɗe shafi? Sai ta riƙa zama kusa da masu karantawa tana kwashewa da kunne. Abin da ta kwasa kuwa, in da hatsi ne, da an ciyar da Birni da Zango har da baƙin da ke bayan gari. Ba ta san lambar sura ba, ba ta san ta aya ba. Suna ta raɗa musu kamar awaki: ta makiyayi, ta tsuntsaye, ta ɓauren da bai yi toho ba, ta uwa da jariri. In ta ce, "Kawo mini ta tsuntsaye," to ka kawo ta da fikafikanta duka.

Ni da ita wasan jika da kaka ne. Ina ce mata amaryata, tana ce mini mijin banza. In na shigo nakan ce, "Amarya, miƙo yatsa in sa miki zobe." Sai ta ce, "Matso kusa, ango." In na matso ta sauke mini dungu a tsakar ka. Jama'a, wanda bai sha ranƙwashin dungu ba bai san ranƙwashi ba. Yatsa yana lanƙwashewa, yana da tausayi. Dungu taɓarya ce da aka lulluɓe da fata. Akwai wani kwari a tsakar kaina har yau, in aka yi ruwa yana tara mini na wanka.

Maganarta kullum ɗaya ce: "Hatsin rumbu na gara ne da ɓera. Wanda ka haɗiye shi ne naka." In ta ji yaran maƙwabta suna rera nasu karatun da ka, sai ta juyo kanmu. "Kun ji? Nasu na cikin kansu, naku na kan kanta yana shan ƙura. Ku 'yan tsiraru ne a garin nan. Ran da aka tare ku a hanya aka ce ku su wane ne, sai ku ce a dakata ku je gida ku dubo?"

Kafin fari, abin bai wuce duka ba, kuma duka abincin yaro ne. Da fari na farko ya zo, sai ta samu makamin da ya fi dungu.

Ubana ya tafi kudu neman abin da za mu ci, har yau yana nema. Gidan ya rage Kaka, Inna, ni ina saurayi gemu bai fito ba, ƙanwata da ba ta kai shekara goma ba, sai 'ya'yan baffana marigayi su biyu, ƙanana. Abinci ya koma sau ɗaya, da la'asar: kunun jar dawar taimako in kamyo ya zo, in bai zo ba dusa, ko anza da aka jiƙa har ɗacinta ya ragu daga kisa zuwa zagi. Kunun nan, in ka leƙa kwanon kana ganin fuskarka, har ka tausaya mata.

Inna ce ke damawa, amma Kaka ce ke rabawa. Ta sa aka ɗaure mata ludayi a dungun dama da tsirkiyar fata. Ta zauna a kan turmi, tukunya tsakanin ƙafafunta, mu jeru da kwanoni.

"Ba aya, ba kunu."

Ka kawo ayar jiya, ka ɗora ta yau. In ka yi daidai, ludayi biyu. In ka yi tuntuɓe, ɗaya. In ka tsaya kana kallon sama kamar mai neman hadari, ta ɗebo naka, ta ɗaga shi ka gan shi da kyau, ka ji ƙamshinsa, sannan ta juye shi a kwanon wanda ya iya. Wanda ya iya kuwa kullum ƙanwata ce. Yarinyar nan kanta kamar danƙo, abin da ya taɓa shi ya manne. Kuma Kaka ba ta yarda ta raba da kowa. Tana tsaye a kanta sai ta shanye, tana sha tana kuka, mu muna kallon maƙogwaronta yana hawa yana sauka. Mun tsani yarinyar nan a watannin nan kamar ita ta hana ruwa zuwa.

Ni kaina rariya ne. Na san kukan kowace mota da ke zuwa Kano tun ba ta shawo kwana ba, amma aya in ta shiga ta kunnen dama sai ta gaida na hagu ta wuce. Da na ga zan mutu, na je na tambayi wani ɗan lakwal, mai karatun boko, wace aya ce ta fi gajarta a Littafin duka. Ya nuna mini wata 'yar mitsitsiya, wadda ta ce Ubangijinmu ya yi kuka a bakin kabarin abokinsa. Na haɗiye ta kamar ƙwayar magani. Ranar na samu ludayi biyu. Kashegari na sake kawo ta. Rana ta uku Kaka ta ce, "Mijin banza, tun shekaranjiya kake sa shi kuka. Bai gaji ba?" Ta juye rabona a kwanon ƙanwata.

Fasto ya ji labari, ya zo da kansa. Mutum ne mai sanyin hali, ya durƙusa ya ce, "Kaka, Ubangiji bai sayar da gurasa da aya ba. Kyauta ya bayar." Ta ce, "Shi yana da kwanduna goma sha biyu, ni tukunya ɗaya gare ni." Ya ce yara ne. Ta ce yara ne ake binnewa kowace safiya. Ya ƙara wata magana, ta wurga masa ludayi, ta manta a ɗaure yake, kunu ya wanke masa riga. Na ga ƙanen nan nawa ɗan baffa yana bin rigar da ido kamar zai lashe.

Littafi ɗaya ne a gidan, na ubana. Wata rana Inna ta shanya shi a rana saboda gara, akuyar maƙwabta ta shigo. Akuyar fari ba ta da addini, ko takalmi ci take. Kafin a ankara ta cinye tun daga halittar duniya har ta ƙetare teku da mutanen Musa, tana shirin shiga annabawa. Ba a taɓa akuya mai ilimi irinta ba a ƙasar Damagaram. Inna ta ɗora hannu a ka tana salati irin namu. Kaka kuwa dariya ta yi, dariyar da ban taɓa jin ta yi ba, har da buga dungu a cinya. "Na gaya muku! To ku bi ta ku yi sujada a gindinta!" Ranar ta ninka mana aya.

Kar ku ce ba ta da alheri ko kaɗan. Wata Buzuwa ta taɓa tsayawa a ƙofarmu, cikin waɗanda dabbobinsu suka ƙare suka yi zango a bayan gari, da ɗa a kafaɗa kamar tsumma. Kaka ta cika mata kwano, ludayi uku, ba tambaya. Na ce, "Amarya, ita ba aya?" Ta ce, "Baƙo ba a gasa shi. Ku ne nawa, ku zan gasa." Na ce to ni ma daga yau baƙo ne. Kwarin da ke kaina ya ƙara zurfi ranar.

Sai ƙaramin 'ya'yan baffa ya mutu. Gudawa ce ta ɗauke shi, cikin kwana kaɗan, yana ƙoƙarin kawo ta makiyayi ko da ba a tambaye shi ba, don ya zaci rashin iya ta ne ya sa ba ya jin daɗin kunu.

A wurin gaisuwa ne ƙanen Kaka ya zo, Alhaji na Zango, ɗan kasuwa mai rumbun da bai san fari ba. Uwa ɗaya uba ɗaya suke, amma tun da ta dawo da Almasihu gaisuwarsu ba ta wuce ta hanya. Ba mugu ba ne, kar wani ya ɗora masa. Ya dubi haƙarƙarinmu ya ƙirga da ido, ya ce, "Yaya, ba ni ɗaya in riƙe. Baki ɗaya ya ragu a tukunyarki. Ba zan tilasta masa komai ba, amma gidana gidana ne, kin san yadda muke tashi da yadda muke kwanciya."

Kowa ya san ka'idar riƙo. Wanda ya karɓar maka ɗa da yunwa, ba ka zuwa ka ƙwace shi da ƙoshi. In ka bayar, ka bayar.

Kaka ta dube mu ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta ce, "Ka dawo in wata ya mutu."

Da la'asar ta tara mu ta ce, "Ɗayanku zai tafi Zango. Aya ce za ta zaɓa."

Ba ta ƙara ko kalma ba, mu muka ƙarasa mata da kanmu: wanda ya fi daƙiƙanci shi za a jefar. Wa kuma? Na fara yi wa abokaina sallama. In gaya muku gaskiya har da ɗan murna, don an ce a gidan Alhaji kaji ma sai sun yi gyatsa. Ƙanwata ce ta ɗauki abin da zafi. Ita ba ta taɓa kwana nesa da bayan Inna ba. Tsoro ya shige ta, ta ce ko kusa da na ƙarshe ba za ta zo ba. Tana layin ruwa da bido, jarkar ɗiban ruwa, tana karantawa. Tana dakan dusa taɓarya na bin aya. Ta bi Kaka kamar jela: "Kaka, ƙara mini. Kaka, wace ce bayan wannan?" Kaka kuwa ta buɗe mata rumbu duka, tana ɗura mata kamar mai ɗura wa rago na layya, tana ƙara mata kunu a kai. Na ɗauka so ne. Ita ma ta ɗauka so ne.

Wata ya mutu, Alhaji ya zo, aka shimfiɗa masa buzu a inuwa. Kaka ta hau turminta.

Na kawo 'yar gajeruwata, aka wuce ni. 'Yar baffa ta kawo uku ta maƙale. Ƙanwata ta miƙe, ta harɗe hannu a ƙirji, ta kama. Ta makiyayi, ta ɓaure, ta tsuntsaye, ta ɗan da ya ɓace, wasu ma ban san muna da su a gidan ba. Inuwa ta tashi daga kan Alhaji ta koma bango, ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Shi kansa Alhaji sai da ya ce, "Tubarkalla." Ta gama tana haki, tana murmushi, ta dubi Inna kamar mai cewa na tsira.

Kaka ta ce, "Ke za ki."

Murmushin bai ma san ya kamata ya sauka ba. Ta ce, "Kaka, ban yi kuskure ba."

"Shi ya sa."

"Ban tsallake ko ɗaya ba, Kaka. Ki tambayi Yaya."

"Wancan?" Ta nuna ni da ludayi. "In na tura wancan, kafin ya kai bakin kasuwa ya zube. Ba a tafiya da tulu mai huda. Ke kin cika. Ɗauki zanenki."

Inna, wadda ban taɓa jin ta ɗaga wa surukarta murya ba, ta miƙe ta ce, "Kaka, cutar nan ba yatsunki kaɗai ta ci ba." Kaka ta ce, "Zagi ba ya cika tukunya. Kin binne ɗaya da ba naki ba. Kina son ki binne naki?" Inna ta zauna. Alhaji ya ce ko a ba shi namijin, Kaka ta ce ba ciniki ya zo ba. Ya kama hannun yarinyar, tana tirjewa tana karanto aya da ƙarfi, wai ko akwai wadda ta rage da za ta sa a fasa.

Bayan kwana kaɗan ta gudo. Da rana tsaka, ba takalmi, ta faɗo zaure tana kiran Inna. Kaka ta riga Inna isa, ta tsaya a ƙofa ta tokare da dungu biyu.

"Kawo mini ta uwa da jariri."

Yarinya ta kawo, tana shessheƙa.

"Suna nan. Koma."

Ta sake gudowa sau ɗaya. A wannan karon Kaka ko aya ba ta tambaya ba, ƙyaure ta ja. Daga nan ba ta ƙara zuwa ba. Ruwa ya dawo, gero ya yi, aka yi shekaru ana tuwo har da ɗumame, Kaka ta ce magana ta riga ta fita. Inna takan je Zango ta gan ta. Gidan Alhaji sun riƙe ta da kyau, sun yi mata sutura, ba wanda ya taɓa ɗaga mata hannu. Ta girma cikinsu, ta yi salla tare da su, ta auri wanda ta zaɓa da kanta, wani tela. In muka haɗu a kasuwa takan ce, "Yaya, ina Inna?" Ba ta taɓa cewa ina Kaka ba. Mutanen majami'a suka riƙa cewa a ɓoye, tsohuwa ta tura tulunta mafi kyau rijiyar wasu. In ta ji sai ta ce, "Ku jira."

Mun jira har wannan farin na biyu ya zo ya same mu. Shi ne ya kayar da Kaka. Wata safiya ta faɗi a bakin tulu, ta tashi rabin fuskarta ya zube. Sunayenmu suka tafi, ba ta damu ba. Amma sai ayoyin suka fara bi. Rumbun da ta ce gara ba ta ci, ga gara a ciki. Suka riƙa fita ɗaya bayan ɗaya, har ta rage da guda, ita ma rabi: ta uwa da jariri. Wannan da ke tambaya ko mace za ta iya mance ɗan da take shayarwa. Ta kawo tambayar, ta kai inda amsa take, sai ta tsaya, baki buɗe. Ta sake daga farko. Ta sake. In ta kasa sai ta ɗaga dungu ta sauke a tsakar kanta, daidai inda take sauke mana.

Fasto ya buɗe Littafi zai ƙarasa mata, ta kawar da kai ta toshe kunne. "Ba na shan ruwan aro. Na ajiye nawa a Zango. A kira ta."

Ni ne na je. Na tarar da ƙanwata tana tankaɗe, bayanta ba goyo, don ɗanta na fari ƙyanda ta ɗauke shi watannin baya. Na zuba duk daɗin bakin da nake cika mota da shi. Na gaya mata inda tsohuwa ke maƙalewa. Na ce rabin aya kawai, ko daga zaure ne, ki jefa mata ki juya.

Ba ta daina tankaɗe ba. Ta ce, "Yaya, ka ce ta tambayi wanda ta riƙe."

Na dawo na zauna kusa da Kaka. Ta dube ni, ta dubi bayana. Na ce, "Amarya, ga angonki." Ta ce, "Tulu mai huda." Shi ne kalamin ƙarshe da ta yi mini, kuma ko ba komai ta gane ni. Ta ƙara kwanaki tana hawa rabin ayar nan tana zamowa, har ran Talata.

To, muna zaune a tsakar gidan nan da ba kuka, ana jiran masu haƙa su aiko, sai Inna ta miƙe. Ƙanwata ce a zaure, lulluɓe har ƙasa. Ba ta gaida kowa ba. Ta ratsa tabarmi, mata na janye ƙafa, ta shiga ɗakin gawa, ta tsaya a kanta, ta harɗe hannu a ƙirji kamar ranar Alhaji.

Ta ce, "Kaka, na kawo miki kayanki. Ki ƙirga."

Ta kama. Ba da muryar addu'a ba, da muryar mai sauke kaya daga mota. Ta makiyayi. Ta ɓaure. Ta tsuntsaye. Shekarun nan duka ba ta ji su daga bakin kowa ba, ba ta ga Littafi ba, amma ko ƙura babu a kansu. Fasto ya buɗe nasa yana bi, ya gaji ya rufe. Dattijon nan mai gemu ya sunkuyar da kai. Mai gyaran keke, da ke leƙe daga zaure, ya ce mini a hankali, "Muryar tsohuwar ce sak. Har inda take jan numfashi." Masu haƙa suka aiko, aka ce su jira.

Ta bar ta uwa da jariri a ƙarshe. Ta kawo tambayar a hankali, kalma kalma. Ta kai daidai inda Kaka ke maƙalewa. Ta rufe baki.

Muna jira. Fasto ya buɗe baki zai ɗora, Inna ta dafa masa hannu. Ƙanwata ta gyara lulluɓi ta fito.

Na cim mata a zaure. Na ce, "Haba ƙanwa. Kin kawo kaya har ƙofa, ki ƙarasa mata mana ta kwanta."

Idonta a bushe kamar tabkin bana. Ta ce, "Yaya, ka san ran da ɗana ya mutu? Na buɗe baki in yi kuka, ayoyin matar nan ne suka fito. A gidan mijina, gaban danginsa. Na toshe bakina da zane suna fitowa ta hanci. Ko kukan ɗana ba ta bar ni na yi da muryata ba."



Ta ƙara da cewa, "Na mayar mata da nata duka. Amma rabin nan da ya rage, wanda ya ce ko uwa ta mance akwai wanda ba zai mance ba, da shi na kwana a Zango tun ran da ta ja mini ƙyaure. Ba nata ba ne. Ta raba ni da Inna, ta raba ni da gida. Wannan ba zan ba ta ba."

Ta leƙa ta ce wa Inna, "Sai kin zo," ta fita.

A maƙabarta ƙasa ta yi tauri har sai da aka karya diga. Fasto ya ce ko cikin jikoki akwai mai ayar da zai raka ta da ita. Aka dube ni. Na gyara murya na kawo 'yar gajeruwata, ba tuntuɓe. Kukan da aka yi wa Kaka ke nan duka, shi ma na aro ne.

Ana tambayata a tasha, wai tsohuwar nan daidai ta yi ko kuskure. Ni ɗan kamasho ne, ba alƙali ba. Abin da na gani shi ne, Littafinmu akuya ta ci, hatsinmu fari ya ci, ubana hanya ta ci, kan Kaka ma gara ta ci. Abin da aka ɗura wa yarinya da ludayi da dungu shi kaɗai ya ƙetare fari biyu bai rage ba. Na kuma ga abin da aka biya.

Amarya, kin ci gardama. Tulunki bai zube ba, sai dai ba ki sha ba. Ubangiji ya karɓe ki da hannun da ya fi naki taushi, ya mayar miki da yatsunki goma, amma don Allah kar ya ba ki ludayi. Sauran rabin ayar kuwa, kin isa inda Mai ita yake. Ki tambaye shi da kanki.